Shekarar da Kunamu Suka Biyo Itacen Jego

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, irin wadda tun hantsi maƙogwaro yake bushewa, yamma kuma ta ƙi yi. Gas ya yi tsadar da na ce ba da ni ba, na sa aka sayo mini itace a bakin hanya, na koma murhu kamar da. Rannan da la'asar na je ɗaukar itacen da zan dama kunu, sai na ga hannuna ya kama shi ta ƙarshe ya buga da ƙasa, ba tare da na yi niyya ba. Wata 'yar kunama ja ta faɗo daga cikin ɓawon, ta ɗaga ƙari tana neman wanda za ta sauke wa fushinta. Na taka ta da silifa, na share. Amma kunun ranar sai da ya yi gudaji, don hankalina ya riga ya bar wurin, ya koma baya shekara talatin da 'yan kai.

Gidan nan ne dai da nake ciki a unguwar Kusfa, sai dai a lokacin babu siminti, babu rufin kwano. Ginin ƙasa ne tun na kakanni, ɗakuna masu kauri da rufin azara, taga kuwa 'yar huda ce can sama. Ko da azahar ka shiga ɗaki sai ka tsaya idonka ya saba kafin ka ga inda tabarma take. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka akan yi wa gidan yaɓe, a toshe duk inda ya tsage. A shekarar da nake magana ba a yi ba. Daminar da ta gabata ba ta yi kirki ba, rijiyar gidanmu ta ƙafe tun kafin zafi ya kankama, famfon unguwa kuma sai dai ya yi tari ya yi shiru. Ruwan da ba mu samu mun sha mun ƙoshi ba, ba za mu kwaɓa ƙasa da shi ba. Hatsi ya hau, kananzir kuwa a murfin kwalba ake aro tsakanin maƙwabta.

Mu uku ne a gidan, ni da maigidana Malam, da mahaifiyarsa da muke kira Iya. Malam ɗinkin hannu yake yi a zaure, manyan riguna, kuma a kowace shekara gab da azumi aiki yakan yi masa yawa har ya riƙa korar wasu. Wannan karon mutane tsofaffin rigunansu suke kawowa a gyara musu wuya.

Ina ɗauke da ciki na uku a lokacin. Na farin namiji ne, bai kai suna ba. Ta biyun ta kai suna, har ta fara bin fuskata da ido, ta koma kafin mu yi arba'in. Ban taɓa fita wankan jego da ɗa a hannuna ba. Wannan shi ne abin da nake kwana da shi in tashi da shi, kuma duk wanda ya yi mini addu'ar sauka lafiya, a zuciyata nakan ƙara da cewa Allah ya sa mu cika arba'in tare.

Matan unguwa kuwa ba su rasa abin faɗa ba. Suka ce wankan ne bai yi ba, ban gasu ba, shi ya sa nonona yake da sanyi, kuma wai Malam ne ya yi ƙwauron itace. Maganar ta kai kunnensa. Shi mutum ne da ba ya tankawa, amma abu yakan ci shi a ciki. Da cikina ya tsufa, sai ya ɗauki wata riga da ya daɗe yana yi wa aiki, ya kai wa wani manomi a ƙauye, suka yi musaya da itace. Da kansa ya je ya zaɓa. Allah ya jiƙan Malam, a kan zare da allura ba a ja da shi, amma daji bai san shi ba ko kaɗan. Ya tsallake sabon sara, ya nufi tsofaffin gumagumai na marke da kirya waɗanda suka daɗe kwance a ƙasa, har ɓawonsu yana ɗagowa da kansa, wai su ne za su ci wuta babu hayaƙi. Jakuna suka yi ta shigowa ta zaure har yamma. Ya jera itacen a jikin bangon ɗakina, ya tara shi har kusa da taga, don kada mai hura wuta ta yi nisa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna sa albarka, shi kuma yana tsaye yana goge zufa, fuskarsa a sake yadda na daɗe ban gani ba. Iya ba ta nan, ta tafi ta'aziyya ƙauyensu. Ranar da ta dawo ta tarar ina naƙuda, ba ta bi ta kan itace ba.

Iya 'yar ƙaramar mace ce, busasshiya, mai kaifin harshe. Idan tuwo ya yi kyau sai ta yi shiru, shirun nan shi ne yabon. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, don haka Iya ce take yi mini wanka a kowace haihuwa, kuma ban taɓa jin ta ce sannu ba sai dai ta ce in gyara zama. Abin da duk unguwa ta san ta da shi kuwa shi ne kunama. Tun tana yarinya kakanta ya ba ta maganin kunama ta sha, da sharaɗi ɗaya, cewa har ta koma ga Allah kada ta kashe kunama da hannunta. Ranar da ta kashe, ranar maganin ya karye. Idan kunama ta fito a wani gida, akan aiko a kira ta. Na gani da idona ta ɗauke ta kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa, ta ɗora a tafin hannu, ta jefa a tsohuwar tukunya, ta yafa mayafi ta kai ta bayan ganuwa ta zubar. Ko magani ne, ko iya kamu ne da rashin tsoro, ban sani ba, na kuma sha jin malamai suna faɗa a kan irin waɗannan abubuwa. Ni dai abin da na gani nake faɗa.

Na haihu a farkon azumi, mace. Iya ta dube ta sau ɗaya, ta kau da kai, ta ce wannan ai Ajuji ce, a ajiye ta can. Na san al'ada ce, haka ake yi wa ɗan da aka samu bayan 'yan uwansa sun yi ta komawa, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya zauna. Na sani sarai, amma sanin bai hana ni juya fuska bango in yi hawaye ba.

Wanka ya fara. Da an idar da sallar asuba Iya take hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ta sake hurawa bayan la'asar. Ruwa sai ya tafasa yana tsalle, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa tsala mini a jiki, ina kukan zuci tana cewa in daina motsi. Daga nan a ɗebi garwashi a zuba a ƙarƙashin gadon ƙasa in hau in kwanta, sai kunun kanwa mai zafi a kwano. Yanzu likitoci sun hana kanwa da yawa da irin wannan gashi, 'yan mata ma ruwan butar lantarki suke sirkawa su yi abinsu, kuma lafiya lau suke tashi. Mu dai haka muka taras, haka aka yi mana, cikin zafin da ƙadangare ma yake neman inuwa.

Ni ba na azumi saboda jego. Iya tana yi. Har yau idan na tuna nakan ji nauyi. Tsohuwa ce da ta yi sahur da ɗumamen tuwon dawa da ruwan randa, ta wuni a bakin wuta, ta dama mini kunu tana shaƙar ƙamshinsa ba ta da halin ɗanɗanawa, leɓunanta sun yi fari sun tsattsage. Geron gidan kaɗan ne, aka ware shi don kununa, su kuma su sha ruwa da kunun tsamiya tsararo da ƙosai ɗan kaɗan idan an samu. Ƙaurin saniyar da ake dafa wa mai jego sau biyu na gan shi a jegon nan. Idan na ɓoye kwano a bayana don kada in ci a gabanta, sai ta ce ita ba yarinya ba ce da za ta yi kwaɗayi, in ci in ba ta kwanonta.

Ruwan wankan kuwa matan maƙwabta ne suka ɗauke mana. Su ɗin nan dai masu maganar ban gasu ba. Akwai rijiya guda a unguwar da ba ta ƙafe ba, sai an jira ta taru. Bayan an sha ruwa za ka ji sallama, wannan da tulu, waccan da bokiti, kowace ta juye a randarmu daga cikin abin da ita ma bai ishe ta ba. Su tsaya su leƙa jaririya, su ce ba ta da kyau ko kaɗan, su yi dariya su tafi. Na yafe musu maganarsu tun a lokacin.

Kafin suna aka ga kunama ta farko, a bakin ƙofar ɗakina da safe. Iya ta ɗauke ta. Washegari Malam ya kakkaɓe takalminsa wata ta faɗo. Sai kuma hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, garin ya ɗauki wani irin gumi mai nauyi, kunamu kuwa suka fara fitowa kamar an kira su. Jajaye ƙanana, masu kalar tabarma, waɗanda aka ce dafinsu ya fi na baƙin duwu. Iya ta tsaya a gaban tarin itacen nan ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta ɓantari ɓawo ɗaya. Uwa ce a ciki, 'ya'yanta farare jere a bayanta.

Ta aika aka kira Malam daga zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi ko itacen nan a tsaye ya same shi ko a kwance, ya ce a kwance. Ta ce to, ya kawo wa matarsa baƙi har ɗaki. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi kamar ta Malam ranar nan ba. Ya yi abin ne don a daina cewa ya yi ƙwauro, ga shi ya jingina wa 'yarsa ajali a bango.

Zubar da itacen ba zai yiwu ba, babu abin sayen wani, wanka kuma ba a fasa shi. Aka wuni ana kwashe shi zuwa can ƙarshen tsakar gida, wurin da rana take dukansa. Iya ce take ɗaga kowane guda ta buga da ƙasa, ta ɓare ɓawon ta jefa a wuta, sannan ta miƙa wa Malam. Waɗanda suka faɗo ta kama ta jefa a tukunya, waɗanda suka nufi wajen Malam ya bi su da dutse, ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Amma da aka gama kwashewa muka ga bangon. Duk ya tsage, wasu tsagogin har hannun yaro zai shiga, kuma sun ratsa har cikin ɗakina. Waɗanda za su shiga sun riga sun shige.

Jaririya 'yar kwana kaɗan, idan kunama irin wannan ta harbe ta, kowa a gidan ya san ko asibitin Wusasa ba lallai a kai da ita ba. Babu wanda ya faɗa da baki. Yayata ta zo suna daga Ƙofar Gayan, ta ji labari, ta ce in tattara in bi ta, ɗakinta da siminti. Na yarda tun ba ta rufe baki ba. Iya ta ce mai jego ba ta ƙetare zaure sai ta yi arba'in, ba a taɓa yi a gidan nan ba, ba kuma za a fara a kanta ba. Na ji haushinta ƙwarai. A raina na ce tsohuwar da ba ta ko kallon yarinyar, al'ada ce ta dame ta, kuma ta fi tausayin kunama a kan jikarta.

Aka yi duk abin da aka sani. Ruwan wankan da na gama, ba a zubarwa, da shi Malam ya kwaɓa ƙasa ya bi tsagogin da yake iya gani ya liƙe, zafi ya sake buɗe su. Aka aro ƙaramin gadon ƙarfe don jaririya, aka tsoma ƙafafunsa a gwangwanaye da ruwa. Aka ɗaura tsohon zane a sama saboda masu faɗowa daga azara. Aka zagaye bakin ƙofa da toka. Wata maƙwabciya ta ba mu aron kajinta, wai suna cin kunama, suka ci biyu ko uku don fita kunya, sannan suka gano inda buhun gero yake. Cinnaku ma ba su bar mu ba, gara kuma tana cin gefen tabarma a hankali, amma wa yake ta tasu.

Zannuwan jaririya muna kakkaɓewa kafin a shimfiɗa, har ranar da na kakkaɓe wani da ƙarfina, na zo shimfiɗawa na ga wata 'yar mitsitsiya maƙale a cikin kalmasar bakin zanen, ko gezau ba ta yi ba. A ɗaki mai duhu, da fitilar da ba kullum take da mai ba, ido ba abin dogaro ba ne. Daga ranar Iya ta kafa doka. Babu mai kwantar da yarinyar nan, safe ko rana ko yamma, sai ita ta zo ta bi shimfiɗar da hannu. Takan zura tafin hannunta a ƙarƙashin zane, ta bi kowane ninki, ta shafa gefen katifa da ƙarfen gado, ta juya 'yar hular da 'yar rigar ta shafa cikinsu. Idan ta gama sai ta ce, "Kwantar da Ajujin taki," ta fita ba ta dubi fuskar yarinyar ba. Wani lokaci hannun ya fito babu komai, wani lokaci ya fito a dunƙule, ta wuce wajen tukunyarta. Ni kuwa sai in yi barcina. Tunda kunama ba ta harbinta, ban ga abin damuwa ba, hasali ma nakan ce gara da maganin ya yi wa gidan amfani.

Ruwan farko ya sauka a goman ƙarshe na azumi, gab da shan ruwa. Iska ta fara tasowa da ƙamshin ƙasa, sai aka ji shi a kan rufi. Duk abin da yake da baki a gidan aka fito da shi, randa da tulu da kwano har da turmi. Ina jin yara a waje suna ihu, Malam yana tsaye a tsakar gida ruwa yana dukansa yana ta hamdala. Bayan magariba ƙwarin shinge suka cika ko'ina, washegari kwarkwasa ta ja layi ta ratsa madafi sai da aka bi ta da garwashi. Rijiyarmu ba ta kawo ba tukuna, amma zafin ya karye, mutane suka fara kallon juna da fara'a. Kunamu kuwa ruwan ya jiƙa musu maɓoya, suka ƙara fitowa.

A wajen nan ne na lura Iya ta canza. Ta naɗe hannunta na dama da tsumma, ta ce garwashi ne ya taɓa ta. Idan za ta bi shimfiɗa sai ta kwance, ta gama ta mayar. Wata rana na ga tana dama kunu da hagu, zufa tana zubo mata alhali garin da sanyin ruwa. Wata ranar ta zauna a bakin murhu ta jingina kai da bango, idonta a rufe, tana jan numfashi a hankali. Na ce ko ta sha azumin nan, shekaru sun ja. Ta ce in kula da abin da ya shafe ni. Aka yi Sallah babu sabon ɗinki a gidan maɗinki, muka ci tuwon shinkafar da maƙwabta suka aiko. Yarinya tana ta girma, ta fara bin fitila da ido. Daidai wannan lokacin ne yayarta ta koma, don haka kullum arba'in tana matsowa, tsorona yana ƙaruwa.

Ana gobe arba'in, da la'asar, na ba ta nono ta yi barci a hannuna. Na kira Iya. Ta shigo ta kwance tsumma, ta zura hannu a ƙarƙashin zanen kamar kullum. Ina tsaye dab da ita, hasken ƙofa yana kan fuskarta. Sai na ga kafaɗarta ta zabura, haƙoranta sun datse leɓe. Ta dunƙule hannun da zanen gaba ɗaya, ta matse, ta fita da shi da sauri.

Na bi ta da yarinyar a kafaɗa. Na same ta a bayan madafi ta durƙusa, ta kama tsintsiyar hannun da hagu, tana cije da bakin mayafi. Zanen yana ƙasa, kunamar a ciki a murƙushe. Ranar na fara ganin hannun sosai a cikin haske. Ya kumbura, yatsun sun yi sulɓi, tana ɗaga shi sama saboda kaluluwar da ta fito mata a hammata.

Na ce, "Iya, harbinki ta yi? Ina maganin?"

Sai da zogin ya ɗan lafa ta saki mayafin. Ta ce maganin ya daɗe da karyewa, tun kwana kaɗan bayan suna. Wai ina banɗaki, ta leƙa ɗaki ta ga wata ta faɗo daga sama tana tafiya a kan zanen, ta kusa wuyan yarinyar. Babu lokacin lallaɓa ta. Ta fizge ta ta murƙushe a bango da tafin hannu, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Tun daga ranar, in ji ta, kunama ta daina jin kunyarta. Na tambaye ta sau nawa aka harbe ta. Ta ce ba ta ƙirga ba.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

Ta dube ni kamar na tambayi abin da ko yaro ya sani.

"In faɗa miki ki sa naki hannun? Ke ce mai nono. Zazzaɓin dafi ya kama ki, nono ya ɗauke, me za ta sha? Shi kuma wancan da yatsunsa muke ci. Nawa ne ba a jiran komai a wurinsa."

Makonni ina barci da daɗi a kan cewa ba ta jin komai, ita kuwa kullum tana zura hannu a cikin duhu ta san abin da zai iya samunta, da azumi a bakinta, ta fito ta hura wuta ta dama mini kunu. Na fashe da kuka a wurin. Ta ce in yi shiru kada Malam ya ji daga zaure, abin da yake cinsa a kan itacen nan ya ishe shi. Na kawo mata ruwan ɗumi da gishiri ta tsoma hannun, na daka albasa na ɗaura mata, iyakar abin da muka sani ke nan. Na yi maganar asibiti, ta ce gobe ma rana ce, yau akwai wanka.

Yarinyar ta rayu. Washegari muka cika arba'in, na fita zaure da ɗa a hannuna a karo na farko, na je gidajen da suka kawo mini ruwa ɗaya bayan ɗaya na yi godiya. Da damina ta zauna aka yi yaɓe, kunamu suka ragu. Yau yarinyar tana gidan mijinta da nata 'ya'yan, ba ta san zafin harbin kunama ba. Iya ta rayu har ta ga ta shiga makaranta. Ba na shan ruwa a azumi ban yi mata addu'a ba, kuma ina faɗa ba tare da kunya ba, ban san wani mahaluki da ya yi mini abin da matar nan ta yi mini ba. Allah ya sa kabarinta ya fi ko'ina sanyi.

Amma yammacin nan bai ƙare a bayan madafi ba. Yarinyar tana kafaɗata har lokacin, ga ruwan wanka yana tafasa, dole in ajiye ta. Na koma ɗaki na ɗauko wani zanen na kakkaɓe na shimfiɗa, na tsaya ina kallonsa a cikin duhun. Na gyara riƙon yarinyar, na miƙa hannuna zan zura. Sai na ji motsi a bakin ƙofa. Iya ce, hannun dama a ɗaure a ƙirjinta, zufa tana bin wuyanta.

Ta ce, "Matsa."

Na ce yau kam ni zan yi. Ta ture ni da kafaɗa, ta sunkuya, ta zura hannun hagu a ƙarƙashin zanen. Ta bi kowane ninki a hankali kamar yadda ta saba, har gefen katifa da ƙarfen gado, sannan ta ce in kwantar da ita.